Matar Turmin da Ke Babi na Huɗu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Zuwa ga ɗiyata, 'Yar Gummi,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ki kin sauka lafiya, kin sami ɗaki, kin sa wani abu a cikinki. Allah Ya tsare ki a hanya da masauki, Ya haɗa ki da malaman kirki da abokan zama masu tsoron Sa. Na cusa takardar a cikin ledar yaji da kuka ne don na san ita za ki fara buɗewa.

Kin san ban iya zama in yi doguwar magana da ke ba. Ke ce ta fari, ko sunanki ban taɓa kira ba, to balle in dube ki ido da ido in faɗi abin da ke nan. Shi ya sa na rubuta.

Makon jiya kina zaune da Babanki a gindin darbejiya kuna maganar binciken da za ki yi a digirinki na biyu, ni kuma ina gefe ina tsintar wake. Na ji kin ce, "Baba, ni babi na huɗu na littafinka nake son in bi. Matar nan mai turmi ta Bagega, in tana raye sai na nemo ta. Ina son in ji wace irin uwa ce za ta daka dutse a turmin da take daka wa ɗanta fura." Babanki ya cire tabarau yana ta gogewa, ya ce shayinsa ya huce. Ni kuma na zubar da waken da na tsince cikin wanda ban tsince ba.

Ba sai kin wahala da nema ba. Ni ce.

Ranar wata Alhamis ce da hantsi. Babanki yana ƙasar waje, shekararsa ta biyu a karatun digiri na uku. Ke kina Gummi wurin kakarki tun da aka yaye ki, kamar yadda ake yi da ɗan fari. Ni da ƙanenki Bello, lokacin yana rarrafe, muna gidan mahaifina a Bagega muna jiran Malam, wato Babanki, ya gama. Ina kishingiɗe a tabarma da littafin soyayya a hannu, irin waɗanda nake aikawa a karɓo min haya daga kasuwar Anka, sai ga kawunki Sani ya turo babur har tsakar gida da buhu biyu na duwatsu daga ramin zinare.

Ya ce, "Rabi, ara man turminki da taɓarya. Wurin inji layi ya yi yawa, kuma in ka juya baya an kwashe ma rabin buhu."

Na ce, "Turmin furar fa, Yaya?"

Ya ce, "A wanke mana! Dutse na fa, ba najasa ba. In Allah Ya sa munka dace, 'yan kunnen zinare na nan tahe gare ki, amaryar ɗan boko."

Daidai lokacin na kai inda saurayin cikin labarin yake buɗe wa budurwar akwatin sarƙa da 'yan kunne. Na rantse miki ko ɗaga kai ban yi sosai ba. Na nuna masa turmin da yatsa, na juya shafi.

Daga aro sai ya zama aiki. Ni da matan gidan muka shiga daka, mu tankaɗe da rariya, mu shanya garin a tabarma a tsakar gida. Ƙurar laushi gare ta kamar hoda, tana kwanciya a kan komai, har murfin randa. Da la'asar in ɗauraye turmin in daka gero a ciki. Bello yana rarrafe a wannan ƙasa, hannu a ƙasa hannu a baki, ni kuma in na gaji da daka sai in koma littafina, ina jin daɗi yaro ya sami abin wasa bai dame ni ba. 'Yan kunnen sun zo kuwa. Na sa su na yi ta kallon kaina a madubi.

Agwagin gidan ne suka fara mutuwa, muka ce annobar kaji ce. Sai yara suka fara jijjiga, gida bayan gida. Wasu suka ce iska, wasu suka ce sanƙarau. Ranar da ta kama Bello yana goye a bayana, na ji ya sandare kamar itace. Sai da likitoci suka zo daga nesa suka auna jinin yara aka gane gubar dalma ce da ke cikin dutsen. Aka kwashe mu zuwa Anka wurin magani, aka kankare ƙasar tsakar gidanmu aka zuba sabuwa, aka tafi da turmin. Bello ya rayu. 'Ya'yan maƙwabciyarmu Tumba guda biyu ba su rayu ba. Amma kin san yadda ya rayu: ga shi ya yi gemu, har yau baƙaƙen da aka koya masa da safe ba su kai azahar a kansa. Mun gaya miki zazzaɓi ne ya taɓa masa ƙwaƙwalwa. Ba zazzaɓi ba ne.

Ba zan ce miki ki rage karatu ba, don ba littafin ne ya yi laifi ba. Har yau ina karanta littattafan soyayyar, su ne ɗan wurin da nake hutawa. Abin da zan ce, duk abin da kike karantawa, ki riƙa ɗaga kai ki dubi ƙasa. Aikinku na tattalin arziki aikin duban sama ne, kasuwa da gwamnati da farashin duniya. In kin shiga gidan mutane da takardar tambayoyinki, kafin ki tambayi nawa ake samu, ki duba inda yara suke zaune.

Akwai wani kuskuren da yake manne da wannan. Mako biyu da fara daka, Babanki ya kira waya, na gaya masa Yaya ya mai da tsakar gida wurin aikin zinare. A raina na so ya ce min a daina, don ƙurar ta fara damuna, tari nake yi. Sai na ji muryarsa ta washe. Ya ce, "Kin gani ko? Noma bai biya ba, mutane sun nemo wa kansu mafita. Kasuwa kenan, Rabi. Ki riƙa lura min da yadda farashin buhu yake hawa da sauka, zai yi min amfani." Ban ce masa ina tari ba. Ban ce masa da turmin fura muke yi ba. Na ɗauki maganarsa kamar fatawa, na ce ai mai ilimi ya ce babu komai. Alhali shi yana can cikin sanyi bai ga tsakar gidan ba, ni ce nake gani.

To ki riƙe wannan ta fuska biyu. Kada girman malaminki ya hana ki faɗin abin da idonki ya gani. Kuma ranar da kika zama ke ce mai ilimin, ki san maganar da kika yar a waya kina sauri, wani zai ɗauke ta ya gina ɗaki a kai.

Ke yanzu kina ganin Babanki Farfesa ne, ana kiran sa rediyo ya yi magana kan adalci a kasuwa. Ba haka ya fara ba. Kakanki na Gummi malami ne, ya karantar da shi babin ciniki tun yana yaro, hukuncin tauye mudu da algus da ɓoye hatsi. Da ya shiga jami'a sai ya ga duk wannan wa'azi ne, shi lissafi yake so. Lokacin da na aure shi ƙaramin malami ne a sashen tattalin arziki, yana yawo kasuwannin Gummi da Bukkuyum da Nasarawar Burkullu da ɗan littafi yana rubuta farashin gero da dawa. A haka ma ya gan ni, a Anka, gidan gwaggona. Yana da wata magana da yake yawan yi wa ɗalibai: farashi ba ya ƙarya.

Ni kuwa ban taɓa tambayarsa me hakan yake nufi ba. Na ga dogon mutum mai tabarau da farar shadda da jakar takardu, na ce shi ke nan, na sami irin na cikin littafi. Na zaci malamin jami'a yana dawowa da yamma ne da fure a hannu, a hau mota a tafi shan iska. Sai na tarar da mutum mai dawowa da takardun jarrabawa cike da buhu, ga yajin aiki wata da watanni, ga tsohon babur mai tari. Na yi ta fushi da shi don bai zama wanda na ƙirƙira ba. Shekara bakwai muna tare ban san abin da yake koyarwa ba. Da na sani, da wataƙila ranar wayar nan na iya ce masa, Malam, ajiye kasuwa tukuna, ɗanka yana cin ƙasa.

In lokacin aurenki ya zo, ki dubi mutumin da ke gabanki, ba wanda ke kanki ba. Kuma ki lura ko yana tambayarki me kike karantawa, ko kuwa takardar digirin kawai yake so a rataye a falo.

Da labari ya kai masa ya baro karatun ya zo ya same mu a Anka. Ya zauna bakin gadon Bello bai yi faɗa ba, bai zarge ni ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Ya dubi kunnena, ya daɗe yana dubawa. Sai ya ce, kamar da kansa yake magana, "Shekara nawa ina koya wa 'ya'yan mutane cewa farashi ba ya ƙarya." Na cire 'yan kunnen a wurin. Suna nan a ƙasan akwatina, na kasa sawa, na kasa sayarwa.

Daga nan ya sake hanya. Ya koma ya watsar da aikin farashin hatsi da ya kusa gamawa, ya fara wani sabo a kan tambaya ɗaya: idan aka sayi abu, wa yake biyan abin da ba a sa cikin kuɗinsa ba? Mai sayen zinare a birni ya biya, dillali ya ci riba, mai haƙa ya sami na cefane, to jinin yaron Bagega a wane farashi aka sa shi, kuma wa ya yanke cewa kyauta ne? Wannan ta kai shi ga siyasar tattalin arziki, wato wa ke da ikon rami da wa ke da ikon doka, ta kuma kai shi ga falsafar ɗabi'a, har ya dawo yana buɗe tsofaffin littattafan kakanki da ya guje wa. Ya ƙara shekara biyu a kan karatun.

Bai ji daɗin hanyar ba. A sashensu suka sa masa suna Liman. In ya aika rubutu mujallar masana tattalin arziki su dawo da shi su ce wa'azi ne, in ya aika ta masana falsafa su ce lissafi ya yi yawa. Ƙarin girma kuwa da yawan abin da aka buga maka ake yin sa. Waɗanda ya koyar suka zo suka wuce shi. A nan ma na yi nawa. Maimakon in tsaya masa, sai in ce, "Malam, matar wane har ta zama matar Farfesa, ni ina nan matar Dakta kamar an dasa ni. Ba za ka rubuta irin abin da suke so ba ne kawai?" Ya ce, "Rabi, irin abin da suke so na rubuta a da." Na ƙyale shi ranar, amma bayan wata guda na sake. Ina gudun aikin nasa ne don kowane shafi ni yake tuna wa, sai na fake da maganar muƙami.

Hanyar da kika ɗauka doguwa ce, kuma mai tafiya a hankali a cikinta ba lallai ne rago ba. In kin ga sa'anninki sun wuce ki, ki tambayi kanki me kika tsaya yi. In abin ya isa a tsaya masa, ki tsaya. Kuma kada ki bari na gida, ko da ni ce, su auna ki da sunan da ake kira kafin sunanki.

Yanzu ga wanda ya fi yi min nauyi. Da zai rubuta littafin ya nemi izinina ya sa labarin turmin. Na ce ya sa, amma da sharaɗi biyu: kada sunana ya fito, kuma kada yara su sani. Ya cika alkawari, har ya ƙara da abin da ban roƙa ba. Ya rubuta cewa matar yunwa ce ta tilasta mata, rumbunta ya ƙare, ba ta da zaɓi. A kan wannan ya gina hujjarsa cewa wanda yunwa ta ƙwace wa zaɓi ba a ɗora masa laifi, sai a nemi laifin a sama, wurin masu saye da masu iko. Wannan gaskiya ne a kan Tumba, gaskiya ne a kan yawancin matan unguwarmu. A kaina ba gaskiya ba ne. Rumbun mahaifina cike yake, Babanki yana aiko mana da abin da ya samu. 'Yan kunne nake so. Na karanta babin kafin a buga, na ga rufin asirin da ya yi min, na karɓa na yi shiru.

Ranar da ya gabatar da laccarsa ta zama Farfesa, kina makarantar kwana ba ki zo ba. Na ci ado na zauna a layin gaba, abin da na daɗe ina mafarki. Ya kawo labarin matar turmi. Sai matar wani babban malami da ke kusa da ni ta matso ta raɗa min, "Kai, jahilci bai yi ba. Matan ƙauyen nan sai addu'a, Hajiya." Kin san me na ce? Na ce, "Wallahi kuwa." Na gyara mayafi na ci gaba da murmushi. Na yi rantsuwa da sunan Allah a kan kaina da Tumba, don kada wata mai leshi ta gane ni. Aka tafa, aka yi hotuna, na dawo gida na yi amai.

Ki sani, ɗiyata, mutanen da za ki rubuta a kansu ba misali ba ne. Suna da kunne, wani lokaci suna zaune a layin gaba. Kada ki mai da su jahilai don labarin ya yi daɗi, kada kuma ki wanke su tas don hujjarki ta tsaya. Mai yunwa ya daka dutse, mai ƙoshi ma ya daka, kuma duk cikinmu babu wanda ya san da guba a ciki. Ko akwai laifi a kan wanda bai sani ba, amma da ya ɗaga kai da ya yi shakka? Babanki ya shekara goma yana juya wannan tambaya a aji. Ni ina juya ta kullum in na ga Bello yana ƙoƙarin rubuta sunansa. Ba ni da amsa, kuma na gaji. Wataƙila ke ki samo, amma ba za ki samo ta a kan babin da aka gyara don a rufa min asiri ba.

Na daɗe ina ce wa kaina kunyar ɗan fari ce ta hana ni gaya miki. Ba ita ba ce. Kunya ta hana ni kiran sunanki, ba ta hana ni gaskiya ba. Tsoro ne, kada ki dube ni yadda kika yi maganar matar nan a gindin darbejiya. In kin ga dama ki yi fushi, hakkinki ne. Abin da nake roƙo kawai, kada fushin ya shafi kiran da kike wa Bello ranar Juma'a. Tun da kika fara haɗa kaya yake tambaya, "Inna, makarantar Yaya ta fi Gusau nisa? Babur zai kai?" Ya ce in gaya miki tattabarar nan mai wuyan kore ta ƙyanƙyashe, ya ajiye miki ɗaya, kada ki ce ya manta.

Ki kula da salla a kan lokaci. Ki ci abinci ko ba ki jin yunwa, na san halinki in kin sa kai a takarda. Allah Ya kiyaye ki daga sharrin hanya da na mutane, Ya ba ki ilimi mai amfani, Ya sa ki fi mu gani da ido. Allah Ya ji ƙan 'ya'yan Tumba da sauran yaran da suka tafi, Ya yafe mana abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Ya dawo mana da ke lafiya.

Za a sake buga littafin bana. Jiya da safe na kai wa Babanki koko na ce masa na janye sharuɗɗana duka biyu, a cire maganar yunwa, a sa 'yan kunnen, a sa sunana. Ya cire tabarau ya ce, "To wayar da na yi fa?" Na ce wannan tasa ce, shi ya san yadda zai yi da ita. In kin zo hutu, hanya kuma ta yi kyau, ni zan kai ki Bagega da kaina in nuna miki inda turmin yake zaune a da. Ki zo da takardar tambayoyinki. Da ni za ki fara.

Innarki,
Rabi
Gummi